Yadda Mai Tsara Shafin Intanet a Bauchi Zai Zaɓi Kayan Aikinsa, Daga Zanen Farko Zuwa Miƙa Aiki

Yawancin darussan tsara shafin intanet da matasanmu ke kallo a YouTube an shirya su ne a ƙasashen da ba a cika ɗauke wuta ba, kuma ba a auna data kamar yadda ake auna gero da mudu. Mai koyarwar yana zaune gaban babban allo, shafinsa na buɗewa kafin ƙiftawar ido, don haka nauyin hoto ko yawan ƙawa ba sa cikin damuwarsa. Shi kuwa wanda zai buɗe shafin da ka gina a Bauchi, mai yiwuwa yana tsaye ne a bakin kasuwar Muda Lawal da tsakar rana, riƙe da Tecno ko itel, da ragowar datar da yake lallaɓawa ta kai shi gobe. Wannan mutumin shi ne ma'aunin da na bi wajen zaɓen kayan aikin da ke cikin wannan bayani, kuma kusan dukkansu kyauta ne ko suna da ɓangaren kyauta da ya isa a fara aiki da shi. Domin kada maganar ta tsaya a iska, a ɗauka wani Alhaji mai shagon atamfa da shadda a kasuwar Wunti ya ba ka aikin gina masa shafi, mu bi aikin daga farko.

Mataki na farko: tambaya da zane kafin a taɓa kod, wato rubutun umarnin da ake gina shafi da shi

Kafin ka buɗe kowace manhaja, zauna da mai aikin ka tambaye shi abu ɗaya da yake so baƙon shafin ya yi. Ga mai atamfa amsar ba ta wuce mutum ya ga kaya da farashi sannan ya yi masa magana ta WhatsApp ba. Buɗe folda guda a Google Drive, ka zuba hotuna da jerin farashi da adireshin shago da lokutan buɗewa a ciki, domin aikin da aka fara ba tare da waɗannan a hannu ba yakan tsaya a rabi ana jiran saƙon da ba ya zuwa.

Daga nan sai zane. Takarda da biro sun isa zanen farko, amma idan kana so ka tura wa mai aikin ya gani a wayarsa, Excalidraw yana buɗewa a cikin burauza ba tare da an sauke komai ba, kuma zanensa yana kama da na hannu, abin da ke hana mutum ya ɗauka aiki ya ƙare. Idan an amince da tsarin sai ka koma Figma, wadda ita ce masu sana'ar suka fi amfani da ita wajen fitar da cikakken fasalin shafi, ko Penpot idan ka fi son manhajar da kod ɗinta a buɗe yake ga kowa. A duk wadda ka zaɓa, fara da filin zane mai faɗin fiksel 360 (fiksel shi ne ɗigon da ake auna allo da hoto da shi), wato kimanin faɗin fuskar ƙananan wayoyin Android, ka bar na kwamfuta zuwa ƙarshe. Abin da ya shiga cikin 360 da kyau, faɗaɗa shi ba wuya, amma matse zanen babban allo cikin waya aiki biyu ne. Ka kuma tuna cewa Figma na son intanet mai ƙarfi, saboda haka a tanadar mata lokacin da sabis ya fi kyau.

Mataki na biyu: haruffan da suka san Hausa

A nan ne shafukanmu da yawa ke faɗuwa, kuma babu wani darasin ƙasar waje da zai faɗa maka, domin matsalar ba tasu ba ce. Hausar boko tana da ɓ da ɗ da ƙ, da manyansu Ɓ da Ɗ da Ƙ, sannan makwabtanmu na Nijar suna rubuta ƴ a inda mu muke rubuta 'y. Ba kowane salon haruffa ne aka zana masa waɗannan ba. Idan salon da ka zaɓa ba shi da su, burauza za ta aro harafin daga wani salon daban, sai ka ga ƙ ɗin cikin kalmar ƙarami ta fito siririya ko karkatacciya a tsakiyar 'yan'uwanta, ko ma ta koma ɗan akwati marar komai. Wasu sukan gudu daga matsalar su rubuta b da d da k zalla, to amma bari ba ɓari ba ne, kuma kafa daban take da ƙafa. Mai shagon da ya biya kuɗi ya cancanci a rubuta harshensa daidai.

Gwajin ba ya cin minti biyar. Shiga Google Fonts, ka nemi wurin da ake rubuta jimlar gwaji, ka sa wadda ta tara haruffan duka, misali: Ɗan ƙauye ya ɓoye ɗinki, Ƙasimu da Ɓaidu sun biya ₦5,000. Na sa alamar naira da gangan, domin ita ma wasu salo ba su da ita, kuma shafin kasuwanci ba ya yiwuwa ba tare da ita ba. Daga nan ka ƙura wa kowane harafi mai lanƙwasa ido, babba da ƙarami, a rubutu na yau da kullum da kuma mai kauri. Salon da na fi natsuwa da su su ne Noto Sans da Noto Serif na Google, waɗanda aka yi su musamman don kawar da waɗancan akwatunan a harsunan duniya, da kuma Andika da Charis SIL da Gentium na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, waɗanda aka zana da harsunan Afirka a zuciya. Andika tana da kyau ƙwarai ga shafin makaranta, domin an yi ta ne don masu koyon karatu.

Kada ka wuce salo biyu a shafi guda, kuma a kowane salo ka ɗauki kauri biyu kawai, domin kowane kauri fayil ne da wayar baƙo za ta sauke da kuɗinsa. A cikin kod, tabbatar akwai layin da ke cewa rubutun UTF-8 ne, wato tsarin adana rubutu da ya san haruffan nan, sannan ka sa lang="ha" a saman shafin domin burauza da injin bincike su san Hausa ce. Idan aikin na makarantar Islamiyya ne mai ayoyi ko addu'o'i, Amiri da Noto Naskh Arabic suna nan a Google Fonts, sai dai a sa wa wannan sashe lang="ar" da dir="rtl" domin rubutun ya tashi daga dama. Wajen buga haruffan kansu kuwa, Gboard yana da allon Hausa a waya, Keyman kuma yana aiki a kwamfuta, wanda ya fi kwafo harafi ɗaya-ɗaya daga wani wuri.

Mataki na uku: launi

Coolors da Adobe Color suna haɗa maka launukan da suka dace da juna, kuma dukkansu na iya ciro launi daga hoto, sai ka ɗora hoton allon shagon ko wata atamfa da mai aikin ke alfahari da ita ka samo launin shafin daga can. Launi uku sun isa. Abin da ya fi zaɓen muhimmanci shi ne a iya karanta rubutun, shi ya sa za ka kai launin rubutu da na bango wurin ma'aunin bambancin launi na shafin WebAIM. Ƙa'idar WCAG, wadda aka shimfiɗa domin kowa ya iya amfani da shafukan intanet, ta nemi bambancin ya kai 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum, da 3 zuwa 1 ga manyan haruffa. Rubutu ruwan toka a kan fari yana da kyau a ɗaki mai duhu, amma duk wanda ya taɓa duba waya a ranar watan Afrilu ta Bauchi ya san cewa ɓacewa yake yi.

Mataki na huɗu: hotuna, inda data ke ƙarewa

A mafi yawan shafuka hotuna ne suka fi komai nauyi. Hoton da wayar zamani ta ɗauka yakan kai megabait uku ko huɗu, idan kuwa mai atamfa ya turo maka guda talatin ka ɗora su yadda suke, shafin ya kusa megabait ɗari, kuma babu mai jiran wannan ya buɗe. Gyaran matakai biyu ne, kuma a jere suke. Da farko a rage girman hoton, domin wanda za a nuna a waya ba ya buƙatar faɗin fiksel 4000, abin da ya kai 800 zuwa 1200 ya wadatar. Bayan haka a matse shi, wato a rage nauyin fayil ɗin. Squoosh, wanda injiniyoyin Google suka yi, yana yin duka biyun a cikin burauzarka ba tare da hoton ya bar na'urarka ba, wanda ke nufin ba ya cin datar ɗorawa, kuma yana nuna maka asalin hoton da matsattsen gefe da gefe domin ka ga inda kyau ya fara lalacewa. Zaɓi WebP a matsayin nau'in fayil, ka ja ma'aunin inganci ƙasa a hankali. A nawa ganin, hoton kaya guda bai kamata ya wuce kilobait 100 ba, sai fa babban hoton saman shafi, wanda za a iya yi wa rangwame. Idan hotunan suna da yawa, TinyPNG yana karɓar da dama a lokaci guda.

Da atamfa da shadda akwai wani abin lura, wato matsewa mai tsanani tana dagula ƙananan zane kuma tana iya sauya launi kaɗan, mai saye kuwa launi yake saye. Saboda haka ka faɗaɗa hoton ka duba saƙar kafin ka amince. A cikin kod, ba kowane hoto faɗinsa da tsawonsa domin kada rubutu ya riƙa tsalle yayin da hotuna ke shigowa, ka sa loading="lazy" ga waɗanda ke ƙasan shafi domin kada a sauke su sai an gangaro wurinsu, sannan ka rubuta ɗan bayanin alt da Hausa, wanda shi ne makafi masu amfani da manhajar karanta allo ke ji, shi ne kuma ke fitowa idan hoton ya ƙi buɗewa. Tambari da ƙananan alamomi a yi su da SVG, nau'in fayil ɗin zane da ba ya dusashewa idan an faɗaɗa shi, kuma Lucide da Font Awesome suna da tarin alamomi na kyauta.

Game da inda ake samun hotuna, Unsplash da Pexels da Pixabay suna ba da su kyauta, amma da wuya ka samu fuskar da ta yi kama da ta mutanen Azare ko Misau a can, kuma shafin shagon Wunti da ke ɗauke da hoton Baturiya a cikin dusar ƙanƙara ba ya gamsar da kowa. Gara ka je shagon da hantsi, lokacin da haske ya wadata kuma bai yi tsanani ba, ka ɗauki naka. Idan hoton wani sanannen wuri kake nema, kamar gandun dajin Yankari ko maɓulɓular ruwan ɗumi ta Wikki, duba Wikimedia Commons, amma ka karanta lasisin kowane hoto, domin yawancinsu suna sharɗanta a ambaci sunan mai ɗauka. Ɗauko hoto daga binciken Google kai tsaye ɗaukar kayan wani ne, ko da bai gani ba.

Mataki na biyar: gina shafin

Yanzu sai ka yanke shawara tsakanin hanyoyi biyu. Idan mai aikin zai riƙa sauya kaya da farashi da kansa kowane mako, WordPress, wato manhajar gina shafi da sarrafa abin da ke cikinsa, ya fi dacewa, domin yana ba shi wurin shiga ya gyara ba tare da ya san kod ba, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke, don haka amsar kowace matsala tana nan a rubuce. Sharaɗin shi ne ka zaɓi samfuri, wato shiryayyen fasalin shafi, marar nauyi, ka taƙaita ƙarin manhajojin da ake liƙa masa, kuma kada ka kuskura ka sa samfurin kuɗi da aka sato aka raba kyauta, domin irinsu sukan zo da ɓoyayyen kod da ke buɗe wa ɓarayi ƙofa. Idan kuwa shafi ne mai fuska huɗu ko biyar da ba ya sauyawa sosai, rubuta shi da HTML da CSS, wato harsunan kod na tsara shafi da ƙawata shi, ya fi sauri, ya fi arha, ya kuma fi wuyar kutsawa.

Wajen rubutun, Visual Studio Code na Microsoft kyauta ne, kuma yana aiki ba tare da intanet ba. Ƙara masa Live Server domin ka ga sauyi a burauza da zarar ka adana, sannan ka kunna adanawa ta kai tsaye tun ranar farko, saboda ɗaukewar wuta ba ta sallama. Idan ka manta yadda wani umarni yake aiki, MDN Web Docs na Mozilla shi ne madogara mafi inganci, W3Schools ya fi sauƙi ga mai farawa, freeCodeCamp kuma yana da cikakken tsarin darussa na koyo daga tushe. Wanda ba a cika ambata ba, alhali ya fi dacewa da yanayinmu, shi ne DevDocs, wanda ke ba ka damar sauke bayanan HTML da CSS da JavaScript sau ɗaya ka riƙa dubawa ko babu sabis. Kafin ka yi amfani da wata sabuwar dabara da ka gani a bidiyo, rubuta sunanta a shafin Can I use ka ga burauzocin da suka san ta, ka duba layin Opera Mini musamman, domin har yanzu akwai masu amfani da ita a nan don tsimin data.

Koyi Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen kod, tun da wuri ka riƙa tura aikinka GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet, a ƙarshen kowace rana. Kwamfuta na iya mutuwa ko a sace ta, aikin da ke GitHub kuwa yana nan.

Mataki na shida: gwaji

Buɗe shafin a Chrome ka danna F12, sannan Ctrl da Shift da M tare, sai shafin ya koma girman waya. Shiga sashen Network ka zaɓi 3G a wurin rage gudun intanet, ka sake buɗe shafin, ka zauna ka jira kamar yadda baƙonka zai jira. A ƙasan wannan sashe za ka ga jimillar nauyin abin da aka sauke, kuma ni ina ƙoƙarin kada fuskar farko ta wuce megabait ɗaya. Daga nan ka gudanar da Lighthouse, ma'aunin sauri da ingancin shafi da ke cikin kayan Chrome ɗin, ko PageSpeed Insights idan shafin ya riga ya hau intanet. Google na ɗaukar shafi a matsayin mai kyau idan babban abin da ke fuskarsa ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, idan yana amsa taɓawa cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, kuma idan ma'aunin tsallen kayan shafi bai wuce 0.1 ba. Kada neman maki 100 ya ɗauke maka hankali, karanta shawarwarin da ke ƙasa ka gyara manyan. Kai kod ɗin wurin mai tantancewa na W3C, ƙungiyar da ke shimfiɗa ƙa'idojin shafukan intanet, ya nuna maka alamomin da ka manta ba ka rufe ba.

Duk wannan kwaikwayo ne. Gwaji na gaskiya shi ne ka ari tsohuwar wayar wani a gida, ka miƙa wa wanda bai taɓa ganin shafin ba, ka ce ya nemo farashin shadda ya tura saƙo, kai kuma ka yi shiru kana kallon inda yatsansa ke tsayawa.

Mataki na bakwai: suna, wato adireshin shafi, da masauki, wato inda ake ajiye shi a intanet

Shafin HTML zalla yana iya zama kyauta a GitHub Pages ko Cloudflare Pages ko Netlify, shi Netlify har yana da wurin da za ka jawo folda ka saki ta hau nan take. WordPress kuwa yana buƙatar masaukin kuɗi, kuma kamfanonin cikin gida suna da sauƙin biya da naira ba tare da neman katin dala ba. Sunayen da ke ƙarewa da .ng suna ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA ne, ana kuma sayen su ta hannun dillalan da ta amince da su, waɗanda jerinsu ke shafinta. Mai shago ya ɗauki .com.ng, ƙungiya ta ɗauki .org.ng, makarantar firamare ko sakandare kuma tana da .sch.ng. Zaɓi suna gajere marar harafi mai lanƙwasa, wanda za a iya faɗa a waya ba tare da an maimaita ba. Tabbatar adireshin yana farawa da https, kuma kada ka biya kuɗi don wannan, tunda Let's Encrypt na ba da takardar shaidar kyauta, yawancin masaukai kuma suna sabunta ta da kansu.

Yi rajistar sunan da imel ɗin mai aikin, ba naka ba. Shafin dukiyarsa ce, kuma riƙe sunan a hannunka, ko da da kyakkyawar niyya, shi ne mafarin rigimar da ke ɓata sunan masu wannan sana'a.

Mataki na takwas: haɗa shafin da ciniki, sannan a miƙa

Maɓallin WhatsApp mahaɗi ne kawai da ke farawa da wa.me, sai 234, sai lambar wayar ba tare da sifilin farko ba. Tunda yawancin baƙi ta WhatsApp da Facebook za su samu adireshin, sa alamomin Open Graph, wato layukan kod da ke gaya wa waɗannan manhajoji suna da hoton da za su nuna, a kan shafin tare da hoto mai faɗin 1200 da tsawon 630, domin idan an tura mahaɗin ya fito da suna da hoto maimakon tsurar adireshi. Idan ana son karɓar kuɗi a shafin, Paystack da Flutterwave suna karɓar kati da turawa ta banki, kuma asusun ya kasance da sunan mai kasuwancin da takardunsa. Idan akwai fom da ke karɓar suna da lambar waya, tambayi abin da ake buƙata kawai ka kuma bayyana abin da za a yi da shi, domin Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Yi wa shafin rajista a Google Search Console domin ka ga yadda yake fitowa a binciken Google, ka taimaki mai shagon ya buɗe Google Business Profile domin shagon ya fito a taswira, sannan ka sa UptimeRobot ya riƙa aiko maka da saƙo idan shafin ya faɗi.

Ranar miƙa aiki, rubuta takarda guda mai ɗauke da inda aka sayi suna, inda masauki yake, imel ɗin da aka yi amfani da shi, da ranar da kowanne zai ƙare, ka ba Alhaji kwafi ka riƙe kwafi. Zauna da shi ko yaron shagonsa su sauya kalmomin sirri a gabanka, idan WordPress ne su kuma gwada sauya farashin kaya ɗaya da hannunsu. Sannan ka sa tunatarwa a kalandar wayarka wata guda kafin ranar sabunta sunan, domin sunan da aka bari ya ƙare wani na iya saye shi.